Natsuwa a Hanyar Kusada

Shanu ne suka riga mu isa tabkin. Kafin mu ƙaraso sun sha sun ƙoshi, sun tattake bakin ruwan, sun haura tudu suna kaɗa bindi, wani ɗan Fulani na biye da su ya saɓa sanda a ƙeya. Abin da suka bari ya fi kama da kunun kanwa fiye da ruwa, ja ne mai kauri, an dama shi da kofato. A daidai nan tayar babur ɗinmu ta baya ta sace. Ɗan acaɓan da ya ɗauko ni daga Kankiya ya duƙa ya duba, ya yi tsaki, ya ce in yi haƙuri in jira shi, akwai mai faci a ƙauyen da ke gaba. Ya tura babur ya tafi. Na nemi saiwar wata tsamiya na zauna raina a dagule, don na yi alkawari da mutane a Kusada kafin azahar.

Cikin marka ne. Gero ya fi mutum tsayi, ya fitar da kai, dawa na biye da shi kore shar. Na ciro waya, babu sabis, na mayar da ita aljihu. Da na rasa abin yi sai na zura wa tabkin ido.

Da farko ba abin da ya motsa. Can sai jan ya soma ja da baya daga gefe. Tattakar kofato ta fara bayyana a ƙarƙashin ruwa, ɗaya bayan ɗaya. Wani mazari ya zo ya tsaya a kan tsinken ciyawa. Kwaɗo ya leƙo, ya koma. Daga nan na ga reshen tsamiyar da nake zaune a gindinta kwance a fuskar ruwan, sannan gajimare, sannan belbela guda da ta gifta sama ta gifta ƙasa a lokaci ɗaya. Babu wanda ya tace ruwan nan, babu wanda ya jefa masa alam. An dai ƙyale shi. Da na farga sai na tarar ɓacin ran da na zauna da shi ya bi laka ya yi ƙasa, har na daina ƙirga mintoci.

Ruwa ya kwanta. Haka muke cewa. Kuma da wannan kalmar muke cewa hankali ya kwanta. Laka ta nutse; mutum ya natsu. Wasu su rubuta natsuwa, wasu nutsuwa, wasu nitsuwa, amma kunne ba ya ɓata, yana jin nutso a ciki, yana jin abu mai nauyi na gangarawa ƙasa har ya sami wurin zama. Na shekara ina furta waɗannan kalmomi ban taɓa ganinsu da ido ba sai ranar nan. Ashe wanda ya fara cewa wane natsattse ne ya taɓa zama a bakin tabki, ko kuwa ya taɓa kallon randar uwarsa bayan an juye mata ruwan rafi.

A bakin Bahaushe hankali ba ajiyayyen abu ba ne da ke zaune cikin ƙoƙon kai. Mai rai ne, kuma da ƙafafunsa. Yana tashi, yana kwanciya. Yana gushewa, yana dawowa. Ana jansa, ana ɗauke shi, yana rabuwa biyu. In malami ya ce wa almajiri ya mai da hankali, mayarwa yake nufi, irin yadda ake mayar da akuyar da ta ɓalle cikin garke. Duk maganar kiwo ce. Masana harshe sun ce daga Larabci kalmar ta shigo mana, daga aƙlu, kuma a can tushenta ɗaya da sunan igiyar da ake dabaibaye raƙumi da ita, wadda ita ma ta iso mu ta zama akala. Ke nan hankali da akala 'yan ɗaki ɗaya ne, sun biyo ayari sun tsallako hamada, suka rabu a kasuwa, ɗaya ya shiga kan mutum, ɗaya ta tsaya a hancin raƙumi.

Amma makiyayi ya san ɗauri iri-iri ne. Akwai turke, inda dabba ba ta da ta cewa. Akwai dabaibayi. Akwai kuma talala, doguwar igiya da ake sakar wa dabba ta yi kiwo iya tsawonta, ba a sake ta ba, ba a kuma matse ta ba. Abin da ya same ni a gindin tsamiyar nan talala ce. Hankalina ya je kan mazari ya dawo, ya bi kukan kurciya ya dawo, ya leƙa gonar gero ya dawo. Bai tafi Kusada ba, bai koma gida ba. A gari kuwa, ko dai an ɗaure shi tamau a kan aiki, ko ya tsinke gaba ɗaya ya shiga waya yana cin gonar mutane.

Mun san natsuwa tun muna yara, ko da ba mu san darajarta ba. Duk wanda ya karanta Ahalari a zaure ya ji malam ya lissafa ta cikin farillan salla, ya kuma ji yadda ake fassara ta: gaɓoɓi su tsaya cik, kowace ta koma mazauninta, kafin a ɗago. Abin lura shi ne daga jiki aka fara. Ba a ce wa yaro ya hana zuciyarsa yawo ba, wa zai iya? An ce ya tsayar da gaɓoɓinsa, sauran zai biyo baya. Ita ma "a hankali" haka take. Mun ɗauki sunan basira kanta mun mayar da shi sunan rashin gaggawa, har tsohuwa ta ce wa jikanta da ke ɗauke da ƙwaryar nono, yi a hankali. Harshen ya yanke hukunci tun tuni cewa sauri da basira ba sa tafiya tare.

Wannan ƙasar ta taɓa kwantar da hankalin wani baƙo da ya zo daga nesa ƙwarai. A watan Janairun 1851 wani Bajamushe ɗan birnin Hambag, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya iso Katsina. Gwamnatin Ingila ce ta turo su su uku, sun taso daga Tarabulus a shekarar da ta gabata, suka ƙetare hamada, suka rabu da abokan tafiyarsa a Damargu kowa ya kama hanyarsa. Bai cika shekara 30 ba, guzurinsa ya kusa ƙarewa, ga Sarkin Katsina Muhammadu Bello ya tsare shi kwanaki kan maganar gaisuwa da kyauta. Da ƙyar ya sami sallama a ƙarshen watan. Ya biyo tsohuwar hanyar fatake ta Kusada da Bichi, ya shiga Kano ran 2 ga Fabrairu. Tafiyar da mota ke yi yau cikin awa uku ko ƙasa da haka, shi sai da ya kwana a hanya har sau uku.

A littafin tafiyarsa, wanda ya fito cikin juzu'i biyar a 1857 da 1858, ya sa wannan tsakanin cikin mafi kyawun ƙasashen da ya taɓa gani. Cikin hunturu ya ratsa, ba ma a lokacin da ƙasa ke ado ba. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ya bi itatuwa yana rubuta su da sunayensu na Hausa, su ɗorawa da tsamiya da kuka da rimi. Mutumin da ya fito daga fada da fargaba a ciki, ga shi nan yana tambayar sunan itace. Ina jin a nan natsuwarsa ta fara. Mai firgici ba ya tambayar suna, duk itace itace ne a wurinsa, duk tsuntsu tsuntsu. Sai hankali ya kwanta ake bambanta kanya da kaɗanya.

Sai dai abin da Abdulkarim ya gani ba daji ba ne. A nan kalmominmu sun fi na baƙi tsefe magana. Muna da gari, muna da karkara, muna da gona da saura da fadama da makiyaya da burtali, sannan can gaba a kai daji, bayansa ƙungurmi. Abin da Bature yake tattarawa cikin kalma guda, duk abin da hannun mutum bai yi ba, mu ba mu da sunansa guda. In mun ce halitta, mun riga mun ambaci Mahalicci, kuma mun sa kanmu a ciki. In mun ce yanayi, zafi da sanyi muke nufi. Muhalli kuwa kalmar rediyo ce da taron bita, ban taɓa jin manomi ya kira gonarsa da ita ba. Ƙasar da ke tsakanin Kankiya da Kusada karkara ce: gonaki ne da manyan itatuwa tsaye jefi-jefi a cikinsu, kuma kowane itace da ka gani akwai wanda ya ɗaga gatari ya fasa. Ɗorawar can an bar ta don kalwa. Kukar can don miya. Gawon can an bar shi saboda halinsa na saɓa wa kowa, yana kakkaɓe ganye da damina ya bar wa gero rana da taki, yana tofo da rani ya ba dabbobi inuwa da abinci. Bedin da ya cika bakin hanya da ƙofar gidaje, wanda Kanawa ke kira darbejiya, shi baƙo ne daga Indiya, Abdulkarim bai gan shi a nan ba.

Don haka inuwar da matafiyi ke sha aro ce. Wani ne ya haƙura da itacen girki shekara da shekaru kafin ta samu.

Ina cikin wannan tunanin sai ga wani dattijo ya fito daga cikin gero, da lauje a kafaɗa da buta a hannu.

"Salamu alaikum. Sannu da hutawa, malam."

"Amin alaikumus salam. Yawwa, Baba, sannu da aiki. Ya ruwa?"

"Ruwa ya yi gyara."

Ya ajiye lauje ya tsuguna a bakin tabkin. Bai tsoma butar kai tsaye ba. Ya kwantar da ita a gefe, bakinta na shafar fuskar ruwan, ta riƙa sha kaɗan-kaɗan, ko ƙurar laka ba ta tashi ba. Na gaya masa abin da ya tsayar da ni. Ya ɗaga kai ya dubi gabas, ya ce in dai za mu juyo yau, mu juyo kafin la'asar sakaliya, akwai ruwa tafe. Ni ban ga komai ba sai farin gajimare. Na ce, "Baba, da me ka gane?" Ya yi murmushi ya ce, "Mi za ni ce maka, ɗana? Ba ka ji iska ta ɗauke ba?" Sai a lokacin na ji. Ganyen gero da ke ta raɗa tun zuwana ya yi tsit.

Wannan ita ce lura, kuma ita ce ƙanwar natsuwa da ba a cika ambata ba. Kallo daban, gani daban, lura daban. Mai kallo ya zo ya tafi. Mai lura ya daɗe a wuri har wurin ya soma yi masa magana. Dattijon nan bai taɓa ware lokaci ya ce zai je ya nemo natsuwa ba. Shukarsa ce ta koya masa, don wanda bai lura da zuwan shamuwa ba, bai lura da ƙamshin ƙasa da launin hadari ba, zai binne iri a banza. Na ji an ce yanzu a manyan biranen duniya har kuɗi ake biya a koya wa mutum ya zauna shiru ya saurari numfashinsa, kuma a Japan tun 1982 hukumar gandun daji ta ƙago wata kalma mai ma'anar wanka da daji, tana kwaɗaitar da mutanen birni su shiga cikin itatuwa don lafiyarsu. Ban raina wannan ba, ciwon da suke nema wa magani ni ma ina da shi. Amma su wanka suka ce, mu kuwa sha muka ce. Muna shan iska, muna shan inuwa, muna shan hantsi da sanyin safiya. Abin da aka yi wanka da shi a fata yake tsayawa. Wanda aka sha ya zama jini.

Akwai abin da ya fi wannan nauyi a cikin kalmomin, kuma shi ne ya hana ni barci bayan na koma gida. Tashin hankali, a Hausa, shi ne abin da uwa ke ji in ɗanta ya yi dare bai dawo ba. Shi ne kuma abin da mai karanta labarai ke kira in an ƙone gari. Kwanciyar hankali ita ce ta mutum ɗaya a kan tabarmarsa, ita ce kuma wadda liman ke roƙa wa ƙasa baki ɗaya ranar Juma'a. Harshen bai yanka mana su biyu ba. Bai yarda akwai wata natsuwa ta ƙashin kai da mutum zai ƙulle a ɗaki ya more alhali unguwa na ci da wuta ba. Tabki ɗaya ne, in an dama shi daga can gefe, jan zai iso nan.

Kuma an dama shi. Kalmar daji da muka tashi da ita tana da tsoro a ciki, amma tsoro ne mai kwarjini, na kura da aljanu da dare. Daji ne wurin farauta da itace da saiwar magani, wurin da Gizo ke yawonsa a tatsuniya. Yau in ka ce daji a jihar Katsina, ba wanda zai tuna da kanya ko zuma. Ɓarayin daji, 'yan bindigar daji, an shiga da su daji. Rugu, wanda dā sunan makiyaya ne da namun dawa, ya zama sunan da ake faɗa da ƙaramar murya. Tun daren 11 ga Disamban 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, duniya ta san abin da mutanen Batsari da Safana da Ɗanmusa suka daɗe da sani. Masifar ta matso ta Matazu da Musawa, har wasu ƙauyukan Kankiya sun ɗanɗana. An sace shanu, an sace mutane, an kuma sace mana kalma. Wannan satar ta ƙarshe ba a kai ƙararta ko'ina, amma yaron da aka haifa cikin shekarun nan zai girma bai san cewa daji wuri ne da ake zuwa a dawo da sanyin rai ba.

Ba yau tsoro ya fara zama a ƙasar nan ba, sunayen garuruwa sun isa shaida. Kafin Soli da Kafin Dangi suna cikin ƙasar Kankiya, kuma kafi shinge ne na itace da ake kewaye gari da shi saboda mahara. Lokacin da Abdulkarim ya ratsa, hare-hare tsakanin Katsina da Maraɗi ba su ƙare ba. Amma a kan titin Kano zuwa Katsina, ba nisa da Yashe, akwai garin da ake kira Gidan Mutum Ɗaya. Duk sanda mota ta wuce da ni ta wurin sai sunan ya tsaya mini a rai. Ko yaya aka yi ya samu, yana ɗauke da hoton zamanin da mutum zai kafa gida shi kaɗai a bakin hanya, ba ganuwa ba kafi, ya kwana ya tashi. Tsakanin sunayen nan biyu tarihin karkararmu yake kai da komo, kuma ina baƙin cikin ganin ɓangaren da muka karkata.

Ga kuma gatari. Buhunan gawayi da ake jerawa a bakin titi ba daga sama suka faɗo ba. Ba na zargin wanda yunwa ta sa ya sayar da ɗorawar kakansa, amma ina jin zafin abin, don ɗorawa ba ta girma a shekarun mutum ɗaya na ƙarfi. Dattijon ya nuna mini wani fili da bakin lauje, ya lissafa itatuwan da ya sani a wurin yana yaro, kowane da sunansa da na mai gonar. Ya ce ungulu ma ta ƙaura, gauraka kuwa jikokinsa ba su san kukanta ba. Bai faɗa da kuka ba. Ya faɗa ne kamar mai lissafa tsaransa da suka riga shi.

Ya yi alwala, ya shimfiɗa rawaninsa a kan ciyawa, muka yi azahar tare a gindin tsamiyar. Na daɗe ban yi sujada mai tsawon wannan ba. Ƙasa na da ɗumi, tana ƙamshin ruwan jiya. Bayan sallama muka zauna ba mai cewa komai, kuma shirun bai dami kowa ba. Alkawarin Kusada ya riga ya wuce, na san za su yi mini uzuri.

Sai muka ji ƙarar inji daga nesa. Kafin in yi wani tunani gabana ya faɗi. Na dubi dattijon. Ya karkata kai gefe, ya runtse ido, irin yadda ya saurari iska ɗazu. Kunnen da gero da hadari suka horar, shi ne yanzu yake ƙirga babura. Muka yi jim.

"Guda ne," in ji shi. "Naka ne ya dawo."

Shi ɗin ne kuwa, da faci sabo da ba da haƙuri. Ya ce mu hanzarta, yana so ya juyo gida da sauran rana. Dattijon ya sake kwantar da butarsa a fuskar ruwan ya cika ta, ya ɗauki lauje, ya ce in gai da mutanen Kusada. Na ce za su ji. Gabas ta fara haɗa baƙi. Da muka hau hanya na waiwaya, tabkin na nan garau da tsamiya a cikinsa, ga wani garken kuma ya fito daga burtali yana gangarowa.